JAWABIN TUNAWA DA WAƊANDA SUKA RIGA MU GIDAN GASKIYA, A BIKIN CIKAR EKKLISIYARMU SHEKARA 50 A ƘASAR GWIWA

 

Godiya ta tabbata ga Allah Uba wanda ya ja da ranmu har muka ga wannan rana. Muna kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan bayin Allah waɗanda suka yi barci a cikin shekarun nan. Yau ranar murna ce, amma idan muka duba kujerun gaba za mu ga fuskoki da yawa waɗanda muka saba gani babu su. Bai kamata mu ci, mu sha, mu yi waƙa, sa'an nan mu watse ba tare da mun ambace su ba.

1. DALILIN TUNAWA

A cikin Littafin Firistoci sura 25 aka kafa wa Isra'ilawa dokar shekara ta 50. A wannan shekara akan busa ƙaho, a saki bayi, kowace gona kuma ta koma hannun gidan da ya gāje ta. Ashe tun asali jubili lokaci ne na komawa kan gādo. To, mu ma muna da gādo, ko da yake ba na gona ba ne kaɗai. Akwai bangaskiya, akwai karatu, akwai kyakkyawan suna a wurin maƙwabta, kuma dukansu wasu ne suka sha wahala suka bar mana. Hausawa sun ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Marubucin Ibraniyawa ma, a sura 13 aya 7, ya gargaɗi masu bi kada su manta da shugabannin da suka koya musu, su lura da yadda suka ƙare.

A shekarar 2025 ƙasarmu ta yi manyan rashe-rashe. Ranar 28 ga Yuni Alhaji Aminu Ɗantata na Kano ya rasu, aka binne shi a Madina. Ranar 13 ga Yuli kuma tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan, aka kawo shi gida Daura, maƙwabtanmu, aka binne shi ranar 15 ga wata. Duk wanda yake da rediyo ya ji tarihinsu daga haihuwa har mutuwa. Muna yi wa iyalansu da dukan maƙwabtanmu Musulmi ta'aziyya, gama mutuwa rigar kowa ce. Amma abin ya sa mu tunani. Idan mai bishara ya rasu a ƙauye, wa yake ba da tarihinsa? Idan ba mu muka faɗa wa 'ya'yanmu ba, babu gidan rediyon da zai faɗa musu. Saboda haka za mu ambaci waɗansu da duniya ta sani, sa'an nan mu dawo kan namu na gida, domin mu ga aikin da suka bari a hannunmu.

2. WAƊANDA SUKA SHARE FILI

Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu. Su ne Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekarar 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne kaɗai ya koma gida da rai, bai kuwa fid da zuciya ba, har aka buɗe tashar farko ta SIM a Patigi a 1902. A ɓangaren CMS kuma Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, ya ba da shekaru masu yawa wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, har aka buga shi cikakke a 1932. Ya rasu a 1952. Daga baya aka sake sabuwar fassara wadda yawancinmu muka girma da ita.

A lardin Kano, Katsina da Sakkwato, ta hanyar jinya ƙofa ta buɗe. A ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa SIM kula da masu ciwon kuturta a Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yau mutane suke zuwa daga nesa, har daga Nijar. Nan kusa da mu aka kafa tashar mishan a Roni da makarantar yara maza, aka kuma buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa, inda masu bishara da yawa na ƙasar Hausa suka yi karatu tare da matansu. A 1954 ekklisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa ragowar ayyukanta ga 'yan ƙasa. Wannan shi ne filin da aka share kafin a dasa mu a nan.

3. MUTUM BIYU DA SUKA AMSA TAMBAYA

'Ya'yanmu da suke zuwa makaranta ko neman aiki a birni sukan dawo da wata magana mai ciwo. Sukan ce an tambaye su, yaya Bahaushe zai zama Kirista? Waɗansu saboda gajiya da wannan tambaya sukan ɓoye sunansu na baftisma, waɗansu kuma sukan ce su mutanen wani gari ne dabam. Muna so matasa su kasa kunne ga labarin mutum biyu.

Na fari shi ne Likita Barau Dikko. An haife shi a 1912, ya yi karatu a hannun 'yan mishan na Zariya, ya wuce King's College a Legas, daga nan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Lokacin da 'yan boko na Arewa suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi suka zaɓa ya zama shugabansu na farko a 1949, alhali kuwa kusan dukansu Musulmi ne, sun kuma san shi Kirista ne. A 1967 ya zama Kwamishinan Tarayya mai kula da ma'adinai da wutar lantarki a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Ya rasu a 1977. Babban asibitin koyarwa da ke cikin garin Kaduna yana ɗauke da sunansa har yau, Musulmi da Kirista suna kwanciya a ciki.

Na biyu shi ne Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau. Ya yi makaranta a Wusasa, ya karanci likitanci a Ibadan da Ingila, ya ƙware a kan ciwon yara. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya amince masa har ya zama likitansa. A 1966, shekarar da ƙasa ta rikice, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗan ƙasa na farko a kan wannan kujera, ya riƙe ta har 1975. A zaɓen 1979 shi ne mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a takarar shugaban ƙasa, sa'an nan ya zama Ministan Harkokin Waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 an tsare shi na wani lokaci. Da aka sake shi sai ya koma Samaru, ya ci gaba da duba marasa lafiya a ɗan asibitinsa, yana kuma hidimar pasto. Mutumin da ya zauna da shugabannin duniya ya ƙare kwanakinsa yana taɓa goshin yaran talakawa yana auna zazzaɓi. Ya rasu a watan Agusta 2005.

Ku lura, 'yan'uwa, waɗannan mutum biyu ba da gardama suka amsa tambayar ba. Aikinsu ne ya amsa. Sun riƙe harshensu, sun riƙe mutanensu, sun riƙe Almasihu, har waɗanda ba su bi addininsu ba suka ba su amanar jikinsu da ta 'ya'yansu. Yaron da ya san wannan tarihi ba zai sunkuyar da kai ba idan an tambaye shi sunansa.

4. MAKIYAYAN DA SUKA AJIYE SANDA

A wajen lokacin da iyayenmu suke kafa wannan ekklisiya ne ECWA ta yi wani rashi wanda tsofaffin cikinmu ba su manta ba. Rabaran Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, an haife shi a 1936, ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas ta Amurka. Ya zama Babban Sakataren ECWA a 1967, a 1973 kuma aka zaɓe shi Babban Sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, baƙar fata na farko a wannan matsayi. Damuwarsa ita ce ekklisiya tana yaɗuwa da sauri amma koyarwa ba ta da zurfi, saboda haka ya dinga kira a kafa manyan makarantun tauhidi a Afirka. Ranar 19 ga Disamba 1975 ruwa ya ci shi a bakin teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, yana da shekara 39 kacal. Bai ga ko ɗaya daga cikin makarantun ba. Amma bayansa aka buɗe ta Bangui, aka buɗe ta Nairobi, mu ma a gida aka buɗe ta Jos a 1980. Wani ya shuka, wani ya girbe.

A shekarun baya-bayan nan kuma mun rasa Rabaran Dokta Musa Asake, wanda ya yi Babban Sakataren ECWA, daga baya ya zama Babban Sakataren ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN. Ya riƙe wannan aiki a lokacin da ake ta zub da jini a Arewa maso Gabas da tsakiyar ƙasa, bai kuwa ji tsoron faɗa wa masu mulki gaskiya ba. Ya rasu ranar 11 ga Mayu 2018 yana kan aiki.

Daga cikin 'yan'uwanmu Katolika, Akbishop Peter Jatau ya rasu ranar 16 ga Disamba 2020. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama Akbishop na Kaduna, ya yi shekara 32 a kan kujera, daga 1975 zuwa 2007. A zamaninsa aka yi rikicin Kafanchan na 1987 da na Kaduna na 2000, shi kuwa yana cikin dattawan da suka yi ta zama da shugabannin Musulmi da na gwamnati domin a kashe wuta. A zamaninsa ne kuma Kano ta samu nata bishop.

Sai kuma wanda labarinsa ya fi taɓa zuciya, Rabaran Lawan Andimi na Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, shugaban CAN na ƙaramar hukumar Michika a Jihar Adamawa. 'Yan Boko Haram suka kama shi a farkon Janairu 2020. A cikin hoton bidiyon da suka fitar, duniya ta ga mutum zaune a hannun masu kisa, yana magana a natse, yana gode wa Allah, yana roƙon 'yan'uwa su kula da iyalinsa, bai zagi kowa ba. Ranar 20 ga watan suka kashe shi. Mun sani, ku ma kun sani, wutar nan ba Kirista kaɗai ta ci ba, ta ci limamai da malamai da talakawan Musulmi masu ɗimbin yawa. Abin da muke ɗauka daga Rabaran Andimi shi ne, natsuwar da aka gani a ranar nan ba a ranar ya same ta ba. An tara ta ne a hankali, cikin shekaru na addu'a da karatun Maganar Allah, kamar yadda manomi yake tara hatsi a rumbu tun kafin bazara.

5. MALAMIN MAKARANTAR LAHADI DAGA NESA

Bari mu ambaci mutum ɗaya daga wata ƙasa, domin alherinsa ya iso har bakin tafkunanmu. Manyan cikinmu sun san kurkunu. Sun san yadda yakan kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona ta cika da ciyawa yana kallo, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Jimmy Carter, tsohon Shugaban Amurka, bayan ya sauka daga mulki sai ya sa cibiyarsa ta shiga yaƙi da wannan ciwo a 1986, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan 3.5 suna kamuwa da shi kowace shekara a duniya. Da aka yi ƙidaya a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 an samu sama da mutum 650,000. Ciwon ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Maganinsa shi ne a tace ruwan sha da ƙyalle, a hana mai ciwon shiga tafki, a haƙa rijiyoyi. Janar Gowon ya shiga aikin, ya bi ƙauyuka yana roƙon sarakuna da gwamnoni. A 2008 aka ga na ƙarshe a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da shi. Carter ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100. Kuma har ya haura shekara 90 yana koyar da makarantar Lahadi a ƙaramar majami'ar garinsu. Malaman makarantar Lahadi da kuke nan, waɗanda wani lokaci kukan ga kamar an raina aikinku, ku riƙe wannan.

6. NAMU NA GIDA

Yanzu mun dawo gida. Waɗanda za mu ambata a nan ba su hau jirgin sama ba, jarida ba ta buga hotonsu ba, amma ba don su ba da babu bikin yau.

Muna tunawa da masu bishara na farko, waɗanda suka zo da iyalansu da ɗan kayansu a bayan jaki ko a kan keke. Albashinsu bai isa sayen gishiri da kananzir ba, sai suka roƙi gona suka yi noma kamar kowa. Da rana suna huɗa, da dare suna kunna fitila suna koya wa manya a, ba, ca, har magidanci mai furfura ya iya buɗe Yohanna ya karanta da kansa. Sun yi sujada a gindin itace, sa'an nan a rumfar kara, sa'an nan a ɗakin ƙasa wanda kowace damina sai an yi masa yaɓe.

Muna tunawa da dattawan da suka fara karɓar baftisma. Da yawansu sun fito ne daga gidajen da ake bin al'adun kakanni, barin tsafin gida kuwa ba ƙaramin abu ba ne. An ce musu ruwa ba zai sauka a gonarsu ba, an ce 'ya'yansu ba za su rayu ba, waɗansu an hana su aure a dangi. Suka daure. Abin da ya fi muhimmanci, ba su yanke zumunci ba. Sun ci gaba da zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, sun ci gaba da fita gayya, har waɗanda suka ƙi su da fari suka dawo suna kawo musu ajiya da shari'ar iyakar gona, domin an shaide su ba sa ƙarya.

Muna tunawa da iyayenmu mata. Ku lura, duk sunayen da muka kira a sama na maza ne, domin su aka rubuta. Amma kowa a nan ya san wa ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin majami'a, wa ya dinga ware ɗan tsaba daga abin da za a daka domin baiko, wa ya kwana a gidan mai naƙuda, wa ya ciyar da baƙi a kowane taron gunduma. A yunwar 1973 da 1974, da kuma farin 1984, lokacin da magidanta suka tafi cin rani, mata ne suka riƙe gidaje suka kuma riƙe sujada. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta rasu, gwauraye ba su yi dogon jawabi ba, tufafin da ta ɗinka musu suka nuna. Mu ma in an ce mu nuna, za mu nuna marayun da aka goya, waɗanda yau suke zaune a nan da nasu 'ya'yan.

Muna tunawa da malaman makaranta da ma'aikatan ɗakin magani, waɗanda ba su taɓa tambayar mai ciwo addininsa kafin su wanke masa gyambo ba. Muna kuma tunawa da masu sarauta da maƙwabta Musulmi da suka riga mu, waɗanda suka ba da fili, suka tsaya a ƙofar unguwa a ranakun da labarin tashin hankali ya zo daga birni, suka ce nan ba za a taɓa kowa ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sāka wa zuriyarsu.

Ba mu ce waɗannan mutane ba su da aibu ba. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Sun yi saɓani, wani lokaci a kan shugabanci, wani lokaci a kan kuɗin baiko. Amma sun san yadda ake zama a shirya kafin a zo teburin Jibin Ubangiji.

7. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Littafin Mahukunta sura 2 ya ba da labari mai ban tsoro. Bayan Joshuwa da tsararsa sun mutu, sai aka sami sabuwar tsara wadda ba ta da labarin abin da Allah ya yi wa iyayenta, daga nan kuwa lalacewa ta fara. Tsara ɗaya tak ta isa a yi hasarar kome. Yau matasanmu suna Kano, suna Abuja, suna Legas. Ba mu hana su neman abinci ba. Amma idan muka ƙidaya waɗanda muka binne a cikin shekara goma da suka wuce, muka kuma ƙidaya waɗanda suka tashi suka ɗauki aikinsu, lissafin bai daidaita ba. Don haka muna kawo wa ekklisiya shawarwari guda biyar.

Na ɗaya, a buɗe littafin tunawa. Majalisar dattawa ta zaɓi matasa masu rubutu mai kyau su zauna da kowane tsoho da tsohuwa da suka rage, kafin ƙarshen wannan shekara, su rubuta sunayen masu bi na farko, garuruwansu, wanda ya yi musu baftisma da abin da suka sha. A rubuta na mata daidai da na maza. Manzo Bulus ya ba da kusan sura guda, Romawa 16, ga sunayen mutane, ya kuwa fara da mace, wato Fibi. Tsohon da ya tafi da labarinsa a ciki, babu mai tono shi.

Na biyu, a kula da matan pastoci da masu bishara da mazansu suka rasu. Abin kunya ne a yabi mutum a kan bagadi alhali matarsa tana kwana a ɗaki mai yoyo. Muna roƙo kowane gida ya ware kwano ɗaya na gero ko dawa ko wake a lokacin kaka saboda su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, kada a cire yaro ko yarinya daga makaranta saboda talla, kiwo ko auren wuri. Barau Dikko da Ishaya Audu ba daga sama suka faɗo ba, yaran ƙauye ne da wani ya riƙe hannunsu ya kai su aji. Wa ya sani ko likitan da ƙasar Gwiwa take jira tana zaune yanzu a layin 'yan makarantar Lahadi, an ɗaura mata ɗankwali?

Na huɗu, ekklisiya ta ɗauki nauyin aƙalla matashi ɗaya da iyalinsa zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki, da yarjejeniyar zai dawo ya yi hidima a ƙauyukanmu. Mu da muka haura shekara 60 muna jin gwiwa ta fara nauyi. Gara mu miƙa sanda da hannunmu, mu ga yadda aka riƙe ta, da a zare ta daga hannun gawa.

Na biyar, a riƙe zaman lafiya da maƙwabta kamar yadda aka bar mana shi. Iyayenmu sun ɗauki shekaru suna gina amana, magana ɗaya ta banza a wayar hannu tana iya rushe ta a dare ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Matasa, ku tauna magana kafin ku tura ta. Ku gai da na gaba, ku biya bashi, ku cika mudu idan kuna awo. Wannan ita ce wa'azin da kowa a kasuwa yake iya karantawa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ƙaunatattu, ba mu yin baƙin ciki kamar marasa bege, gama mun gaskata Almasihu ya tashi daga matattu, waɗanda suka yi barci a cikinsa kuma za su tashi. Sun gama nasu, sun huta. Idan Ubangiji bai dawo ba tukuna, wata rana za a yi bikin shekara 100 a wannan wuri, yawancinmu kuwa ba za mu kasance ba. Ɗaya daga cikin yaran nan da suke zaune a kan tabarma ne zai tsaya inda muke tsaye, ya buɗe littafin tunawa ya karanta. Bari ya sami abin karantawa a ƙarƙashin sunan kowannenmu.

Ga iyalan dukan waɗanda suka rasu, Allah ya ba ku haƙuri, ya zama uban marayu da mai taimakon gwauraye. Ga Mai Martaba Sarkin Kazaure da Hakimai da dukan masu riƙe da jama'a, Allah ya ƙara muku hikima da adalci. Ga baƙinmu, Allah ya mai da ku gidajenku lafiya.

Yanzu muna roƙon dukan jama'a su miƙe tsaye, mu yi shiru na minti ɗaya domin tunawa da su, sa'an nan Shugaban taro ya sa mu a addu'a.

Allah ya albarkace ku duka, cikin sunan Yesu. Amin.